Gudawar Da Ke Zagaye Gida: Wannan Ya Tashi, Wancan Ya Kwanta

Akwai maganar da muke yawan ji daga bakin iyaye mata a ɗakin shan magani, musamman daga faɗuwar damina zuwa kaka: "Malama, ciwon nan ya ƙi barin gidanmu." Idan muka bi ba'asi sai a ce da ɗan yaye aka fara, ya yi kwana uku yana amai da gudawa. Yana samun sauƙi yayarsa ta kwanta, daga ita sai uwar, bayan mako biyu kuma abin ya sake dawowa kan wanda aka fara da shi. An sayi magani a kemis, an ƙara saya, wani har ƙarin ruwa aka yi masa. Kuɗi sun tafi, yara sun rame, uwa ta gaji da wanki da rashin barci.

Abin da nake so iyayena da 'yan'uwana na cikin Kano su riƙe shi ne, a irin wannan gida ba yaro ɗaya ne ke buƙatar magani ba, gidan ne gaba ɗaya. Muddin ana bin marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya da ƙwayoyi, hanyar da cutar ke bi kuwa tana nan a buɗe, to kamar mai kwarfe ruwa ne daga ɗaki alhali rufin na ci gaba da yoyo.

Ƙwayoyin cutar da ke kawo gudawa iri-iri ne. Akwai bairos irin su rota da noro, akwai bakteriya, akwai kuma masu zama a hanji su daɗe kamar jiyadiya da amiba. Amma kusan dukkansu hanya ɗaya suke bi: su fita ta kashi ko amai, su shiga ta baki. Maganar ba daɗin ji, na sani, sai dai idan ba a faɗe ta a fili ba, ba za a gane inda za a toshe ba. Duk wanda ya kamu a gidan, wani abu ne daga cikin mara lafiyar ya kai bakinsa, ta hannu, ko ta ruwa, ko ta abinci, ko ta ƙafar ƙuda.

Inda muka fi yin sake shi ne kashin yara. Da yawa a cikinmu muna ganin kashin jariri ko na ɗan yaye ba wata ƙazanta ba ce, tunda nono da kunu kawai yake sha. Alhali kuwa yaro mai gudawa yana fitar da ƙwayoyin cuta masu ɗimbin yawa, kuma kaɗan daga ciki sun isa su kwantar da wani. Ku dubi yadda abin yake faruwa a tsakar gida. Yaro ya yi zawo a fo, uwa ta ɗauko buta ta yi masa tsarki a bakin rariya, nan inda ake wanke-wanke. Ta ɗauraye fo ɗin da ruwa ta kife shi a gefe. Ruwan tsarkin ya fantsama a siminti, mai rarrafe ya biyo ta wurin ya dafa, ya kai hannu baki. Ita kuma ta ɗauraye hannunta da sauran ruwan butar, ta goge da zani, ta koma kan yankan alayyahu. Babu wanda zai kira matar nan ƙazama, gidanta a share yake tas. Amma a cikin minti biyar cutar ta samu ƙofa uku.

Gyaran ba mai tsada ba ne. Kashin yaro, komai ƙanƙantarsa, masai za a kai shi. A yi masa tsarki a banɗaki, ba a wurin wanke-wanke ba. Famfas a ƙulle shi a leda kafin a jefa a shara, kada a bar shi a buɗe ƙuda su hau. Fo a wanke shi da sabulu, sannan a zuba masa ruwan bilic. Inda aka yi amai ko zawo a ƙasa, a fara kwashewa da tsumma ko takarda, sannan a haɗa bilic irin su Hypo ko Jik kofi ɗaya da ruwa kofi tara, a jiƙa wurin a bar shi kamar minti goma kafin a goge. Kada a gauraya bilic da wani maganin wanke banɗaki, kuma a ɗora shi inda hannun yara ba ya kaiwa. Zannuwa da wandunan mara lafiya a wanke su daban, a shanya a rana su bushe ƙayau.

Sai kuma abin da mutane ƙalilan suka sani, wanda shi ne babban dalilin da ciwon ke juyowa. Tsayawar gudawa ba ta nufin cutar ta ƙare a jiki. Wanda ya warke daga noro zai iya ci gaba da fitar da ita a kashinsa har mako biyu ko fiye. Wato a daidai lokacin da aka ce alhamdu lillahi yaro ya miƙe, aka saki jiki, aka mayar da shi cikin 'yan'uwansa suna cin tuwo kwano ɗaya, a lokacin ne yake raba ta. Don haka duk tsaftar da aka tsananta lokacin jinya a ci gaba da ita mako biyu bayan mutum na ƙarshe ya warke. Yaro ya ƙara kwana biyu a gida bayan tsayawar amai da gudawa kafin ya koma boko ko Islamiyya. Mai girki ma haka, idan ita ce ta kamu, a samu wadda za ta karɓe ta har ta yi kwana biyu da warkewa. Nan ne nake roƙon magidanta. Mace tana fama da murɗar ciki tana zaryar banɗaki, a ce kuma ita za ta dama kunun yara ta tuƙa tuwon dare, wannan hanya ce ta kwantar da gidan duka. Malam, ko 'yar'uwarka ce ka kira, ko kai ka shiga madafi, ladanka na nan.

Wanke hannu kowa ya ji shi har ya gaji, amma yadda muke yinsa ne matsalar. Kwano ɗaya na ruwa ake zagayawa da shi kafin cin abinci, babba ya fara, ƙaramin yaro shi ne na ƙarshe, sai ya tsoma hannunsa a dauɗar kowa. A daina wannan. A riƙa zubo ruwa daga buta, a cuɗa da sabulu har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, wani ya zuba wa wani. Bincike ya nuna wanke hannu da sabulu yana rage gudawa da kusan kashi 30 cikin ɗari. A ajiye guntun sabulu a ƙofar banɗaki ta yadda mai fitowa ba zai wuce bai gan shi ba, in babu sabulu a yi da toka. Man goge hannu na kwalba da aka saba da shi lokacin korona ba ya kashe noro sosai, kada a dogara da shi.

Ruwa kuwa, duk wanda ke zaune a Kano ya san halin da ake ciki. Unguwanni da yawa ruwan famfo na Tamburawa da Challawa ba ya isa gare su, sai 'yan garuwa da rijiya da burtsatse. A ƙa'ida rijiya ta yi nisan mita 30 da masai, amma a gidajenmu na cikin gari sau da yawa katanga ɗaya ce tsakanin rijiyarka da shaddar maƙwabcinka, kuma da damina ruwan ƙasa yana tasowa su haɗu. Ruwa yana iya zama garau a ido yana ɗauke da cuta. Ko da an kawo shi da tsafta ma, a randa yake lalacewa. Na shiga wani gida duba yara, kakarsu ta tare ni da cewa, "'Yar nan, mu fa ruwan burtsatse muke sha, ba ma taɓa na rijiya." Na ce, "Haka ne Hajiya, a nuna mini randar." Muna tsaye sai ga ɗan shekara huɗu ya fito daga banɗaki, ya ɗauki moɗa daga ƙasa, ya zura hannu har gwiwa ya ɗebo, ya sha, ya mayar da sauran ciki. Hajiya ta yi salati ta ce, "Ashe a nan take." Ruwan sha a tafasa shi har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya. Idan kuɗin gas ko gawayi ya yi yawa, a sa maganin tsaftace ruwa na kulorin bisa ƙa'idar da ke jikinsa, a jira rabin awa. A zuba a jarka mai murfi ko bokiti mai famfo wanda ake tsiyayowa ba a tsoma hannu. Idan randa ce dole, moɗa mai dogon mariƙi a rataye ta a ƙusa, babba ne kawai zai ɗiba.

Abinci a ci shi da zafinsa. Ɗumame ya tafasa har cikinsa, ba a ɗan jiƙa shi da wuta ba. Kunun da aka dama tun safe kada a ba yaro da la'asar. Latas da kabeji da karas da ake ci ɗanye a wanke su sosai da ruwa mai tsafta, domin wasu lambunan gefen gari da ruwan kwatar Jakara ake ban-ruwansu. Muddin akwai mara lafiya a gida, ni shawarata a haƙura da ɗanyen ganye sai dafaffe. Fida kuma a ajiye ta, kofi da cokali sun fi sauƙin wankewa.

To idan yaro ya riga ya kamu fa? Abin da ke kashe yaro a gudawa shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki. Shi ya sa maganin farko shi ne ORS, ruwan gishiri da sukari, tun daga zawon farko ba sai ya galabaita ba. A duba jikin takardar, mafi yawa ana haɗa ɗaya ne da lita 1 ta ruwa mai tsafta, wato ledar fiya wata biyu. Ɗan ƙasa da shekara biyu a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, wanda ya haura haka rabin kofi zuwa kofi guda, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a jira minti goma a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Idan dare ya yi babu ORS a gida, a haɗa ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri, a lita 1 ta ruwa mai tsafta. Kada a ƙara gishiri da nufin ya fi ƙarfi, yana da haɗari. Lemon kwalba ba ya maye gurbinsa, zaƙinsa ma ƙara gudawa yake.

Tare da shi akwai zinc, ƙwaya ɗaya mai miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, jariri ɗan ƙasa da wata shida kuma rabi. Iyaye sukan tsayar da shi da zarar zawo ya tsaya, alhali ga gidan da ciwo ke juyawa wannan ne maganin da ya fi dacewa a kammala, domin yana gyara hanji yana kuma rage yiwuwar dawowar gudawa har wata biyu zuwa uku. Nono kada a dakatar, a ƙara ma. Abinci kada a hana da sunan hutar da ciki. A ba shi kunun gyaɗa, faten dankali, ayaba, shinkafa mai laushi, kuma bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a rana har mako biyu don ya mayar da jikinsa.

Filajil da kafso ja da yalo da ake saya tsinke-tsinke a kemis ba sa taɓa bairos, kuma yawancin gudawar yara bairos ce. Suna da wurin amfaninsu, amma ma'aikacin lafiya ne zai tantance. Maganin tsayar da zawo irin na manya kuwa kada a kuskura a ba ƙaramin yaro. Sannan maganar haƙori, don Allah iyayena a sake tunani. Yaro mai fitar da haƙori komai ya samu baki yake kaiwa, a lokacin ne kuma ya fara rarrafe ya fara cin abinci, shi ya sa gudawa ke yawan zuwa a watannin. Ba haƙorin ne ya kawo ta ba, kuma jiran ya tsago ya sa mun yi asarar yaran da ORS na kuɗi kaɗan zai iya ceta.

Kada a kwana a gida idan yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi, ko idanunsa sun faɗa, maɗigarsa ta lotsa, ya wuni bai yi fitsari ba, ko ya yi laushi ana tashinsa da ƙyar, ko akwai jini a kashinsa, ko zazzaɓi mai zafi ko jijjiga. Jariri ɗan ƙasa da wata biyu kuwa ba a jira komai. A kama hanya ana ba shi ORS a cikin Adaidaita, zuwa asibitin unguwa mafi kusa, ko na yara na Hasiya Bayero, ko Murtala. Idan babba ko yaro na zawo tsululu fari kamar ruwan wankin shinkafa, a yi zaton kwalara, wadda kan iya kashe mutum a cikin sa'o'i. A shekarar 2021 an samu mutum sama da dubu 100 da ake zaton sun kamu da ita a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Kano na cikin jihohin da ta fi taɓawa. A garzaya Asibitin Zana, wato na cututtuka masu yaɗuwa, a kuma sanar da ma'aikatan lafiya na unguwa don a duba ruwan da gidan ke sha.

Gudawar da ta kai kwana 14 ba ta tsaya ba, ko mai zuwa tana komawa da kumburin ciki da kashi mai tsananin wari, tana buƙatar gwajin bayan gida, kuma a duba duk yaran gidan, ba mai ciwon kaɗai ba, domin wani yana ɗauke da cutar ba tare da ta nuna a jikinsa ba. A auna damtsen yaron a ga ko tamowa ta fara shiga. Masu jarirai kuma su ɗauko katin rigakafi su duba. Tun watan Agustan 2022 aka shigar da rigakafin rota cikin rigakafin yau da kullum a Najeriya, ana ɗiga shi a baki a mako na 6 da na 10 da na 14, kyauta ne a asibitocin gwamnati. Idan an tsallake wani, a zo da katin ranar rigakafi ma'aikaciya ta duba.