Rubu'in ƙuri'u a jihohi 24: lissafin da ke kai mutum kujerar shugaban ƙasa

Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san rubu'i, ya san sulusi, ya kuma san yadda ɗan kuskure a kansu yake raba zumunci. Da waɗannan kalmomi biyu kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 yake yanke wanda zai shugabanci ƙasa, kuma sau biyu a tarihinmu sai da aka kai lissafin nasu gaban Kotun Ƙoli.

Sashe na 134 ya gindaya sharuɗɗa biyu idan 'yan takara sun haura biyu. Na farko, mutum ya fi kowa yawan ƙuri'u. Ba a ce sai ya sami fiye da rabi ba, a'a, ya dai fi na bayansa ko da da ƙuri'a ɗaya. Na biyu, ya sami aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka kaɗa, wato kashi 25 cikin ɗari, a kowace jiha daga cikin aƙalla kashi biyu bisa uku na jihohin ƙasar da babban birnin tarayya Abuja. Jihohi 36 ne, kashi biyu bisa ukunsu 24 ke nan.

A lura da kyau, doka ba ta ce sai ya lashe jihohi 24 ba. Nan ne mutane da dama suke ruɗewa a majalisar hira. A zaɓen 2023 Rabi'u Musa Kwankwaso ne ya lashe Kano da ƙuri'u 997,279, Bola Tinubu ya zo na biyu da 517,341. Tinubu ya faɗi a Kano, amma tun da abin da ya samu ya kai kusan kashi 30, Kano ta shiga cikin jihohin da ake lissafa masa. A wajen wannan sharaɗi, wanda ya sami kashi 26 da wanda ya sami kashi 90 duk tafiyarsu ɗaya: jiha guda ce kowa ya samu.

Dalilin kafa dokar yana cikin tarihi. A Jamhuriya ta Farko kowace babbar jam'iyya tana da yankinta: NPC a Arewa, AG a Yamma, NCNC a Gabas. Ƙarshen wannan tafiya kowa ya sani, juyin mulki ne a 1966 da yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Kwamitin tsara kundi da Janar Murtala Muhammad ya kafa a 1975, ƙarƙashin Rotimi Williams, ya nemi hanyar da za ta hana mutum hawa mulki da ƙuri'un mutanen gidansu kaɗai. Wa'azin haɗin kai ba ya cika tasiri a kan ɗan siyasa. Abin da ke juya shi shi ne riba da asara, to sai aka sauya wa ƙuri'a farashi.

Ga yadda farashin yake. Rubu'in da ake magana a kai na ƙuri'un da aka kaɗa ne, ba na masu rajista ba, kuma ƙaramar jiha da babba duk ɗaya suke a ƙidaya. A 2023 ƙuri'un da aka ƙirga a Kano sun kai wajen miliyan 1.7, saboda haka rubu'insu ya haura 420,000. A Bayelsa duka-duka ƙuri'un ba su wuce kusan 165,000 ba, rubu'insu ɗan sama da 41,000. Ashe jiha ɗaya a Bayelsa ta fi jiha ɗaya a Kano araha sau goma. Tinubu ya sami 42,572 a can, ya tsallake da tazarar da ba ta kai ƙuri'a dubu biyu ba. Waɗannan 'yan ƙuri'u sun ƙara masa jiha sukutum, abin da ƙarin dubu ɗari a Legas ba zai yi masa ba. Shi ya sa za ka ga ɗan takara yana zuba kuɗi da lokaci a jihar da ya san ba zai ci ba, yana neman tsohon gwamna ko sanata ɗaya da zai tattaro masa rubu'i. Shi ya sa kuma da wuya ka ga babban ɗan takara ya ɗauko mataimaki daga yankinsu. Muhammadu Buhari ya tara ƙuri'u sama da miliyan 12 a 2011, kusan duka daga Arewa, amma sai bayan haɗakar da ta haifi APC a 2013 ƙofar Kudu maso Yamma ta buɗe masa.

Inda dokar ta yi tuntuɓe tun farko shi ne lokacin da adadin jihohi ya ƙi rabuwa uku. A zaɓen 11 ga Agusta 1979 jihohi 19 ne. Alhaji Shehu Shagari ya sami 5,688,857, Obafemi Awolowo ya sami 4,916,651. Shagari ya kai rubu'i a jihohi 12, amma a Kano, inda Malam Aminu Kano ya yi kaka-gida, ya tsaya a 243,423 daga cikin 1,220,763, wato kashi 19.94. Awolowo ya ce kashi biyu bisa uku na 19 dole a cike shi ya zama 13, domin ba a gutsura jiha. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce 12 ne da sulusi biyu: a ɗauki sulusi biyu na ƙuri'un Kano, 813,842, a fitar da rubu'insu, kusan 203,460, kuma Shagari ya haura haka. Ranar 26 ga Satumba 1979 Kotun Ƙoli ƙarƙashin Mai Shari'a Fatai-Williams ta tabbatar da nasarar Shagari, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa wa 'yan'uwansa.

Ni dai wannan lissafi bai kwanta mini ba, ko da yake na fahimci halin da ake ciki: kwana biyar ya rage soja su miƙa mulki. A ce an cakuɗa gero da dawa a buhu, cikin kowane mudu biyar ɗaya ne dawa. Idan ka kwashe sulusin buhun, ai dawar ma ta ragu da sulusi, abin da ya saura yana nan ɗaya cikin biyar. An rage jimlar ƙuri'un Kano, amma an bar na Shagari cif. Da an rage duka biyun, nasa zai koma 162,282 cikin 813,842, kashi 19.94 ɗin nan dai bai motsa ba.

Bayan shekara 44 rigimar ta dawo ta wata kafa, wannan karon a kan kalmar "da" a cikin "jihohi da Abuja". Tinubu ya zo na ɗaya da 8,794,726, ya kai rubu'i a jihohi 29, amma a Abuja 90,902 ya samu, ƙasa da kashi 20. Lauyoyin Atiku Abubakar da na Peter Obi suka ce Abuja sharaɗi ce mai zaman kanta. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta yi watsi da wannan ranar 6 ga Satumba 2023, Kotun Ƙoli ta jaddada ranar 26 ga Oktoba: bisa sashe na 299, ana ɗaukar Abuja tamkar jiha ce, ba ta fi sauran daraja ba. A nan ina tare da kotu. In ba haka ba, masu zaɓe ƙasa da rabin miliyan za su iya rusa zaɓin ƙasa baki ɗaya. Sai dai hukuncin ya mai da adadin 37, shi ma ba ya rabuwa uku: 24 ne da sulusi biyu. Wanda ya tsaya a 24 daidai zai iya mai da mu 1979, don haka ya kamata Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta rubuta lambar ƙarara tun kafin ranar ta zo.

Idan babu wanda ya cika sharuɗɗan biyu, hukumar zaɓe za ta shirya zagaye na biyu cikin kwana 21. Mutum biyu ne za su kara: wanda ya fi yawan ƙuri'u, da wanda ya lashe jihohi mafi yawa cikin sauran, ba lallai sai wanda ya zo na biyu a jimla ba. A nan ma ana buƙatar rinjaye da rubu'in nan. In aka sake rasawa, zagaye na uku rinjaye kawai yake nema. Tun 1999 ba a taɓa kaiwa zagaye na biyu a zaɓen shugaban ƙasa ba.

Sashe na 179 ya ɗora wa mai neman gwamna irin wannan sharaɗi a kan ƙananan hukumomin jiharsa. Kano tana da 44, kashi biyu bisa ukunsu 29 da sulusi ɗaya. Katsina tana da 34, nata 22 da sulusi biyu. Ɗan takarar da ba ya son kwanan kotu, rubu'i a ƙananan hukumomi 30 zai nema a Kano, 23 a Katsina.