Ƙwayar halitta da saƙar jiki

Ƙwayar halitta ita ce mafi ƙanƙantar abu mai rai a jikin ɗan Adam: tana cin abinci, tana fitar da ƙazanta, kuma akasarin irinta na iya rabuwa biyu su haifi wasu. Idan ƙwayoyi masu kama da juna suka taru suna aiki ɗaya, sun zama saƙar jiki, abin da ɗaliban kiwon lafiya ke kira tishu. Daga saƙa iri-iri ake samun gaɓoɓi irin su hanta, ƙoda, huhu da zuciya. Fannin da ke duba siffar waɗannan abubuwa shi ne ilimin ƙirar jiki, wanda littattafan Larabci ke kira tashrihi, wanda ke duba yadda suke aiki kuwa shi ne ilimin aikin gaɓoɓi.

Suna

Kalmomin wannan fanni ba su gama zama daram a Hausa ba. Jaridu da gidajen rediyo kan ce "ƙwayar halitta" ko suna nufin ɗan ƙanƙanin abin nan mai rai ko suna nufin sinadarin gado da ke cikinsa, wasu marubuta kuma sun fi son "tantanin halitta". A nan ma'ana ta farko ake nufi. Kalmar "jijiya" ma ta haɗa abu uku da likita ke rarrabewa: hanyar jini, hanyar saƙo daga ƙwaƙwalwa, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Ba Hausa kaɗai ta yi wannan haɗin gambiza ba, domin a tsohon Girkanci ma kalma ɗaya ce ta ɗauki jijiyar saƙo da ta ɗauri. Ita kuwa tishu asalinta Faransanci ne, ma'anarta abin da aka saƙa, haka nan Larabawa suka ce nasij.

Tarihi

Shekaru aru-aru masana ba su wuce abin da ido ke gani ba. A Iskandariya ta Masar, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Herofilus ya feɗe gawawwakin mutane, kuma ana jingina masa bambance jijiyar saƙo da sauran jijiyoyi. Bayansa al'adar ta mutu. Jalinus, likitan da ya yi zamani a Rum a ƙarni na 2, birai da aladu da shanu ya riƙa feɗewa yana ƙiyasta jikin mutum da nasu, shi ya sa kurakuransa suka yi yawa, amma duk da haka maganarsa ta zama doka fiye da shekara dubu. Ta hannunsa ra'ayin ruwaye huɗu ya kafu, cewa lafiya daidaito ce tsakanin jini, majina, safra'u da sauda'u, wato ruwan matsarmama rawaya da baƙi. Ibn Sina ya tsara wannan ilimi a cikin Al-Ƙanun, wanda ya kammala wajen 1025, kuma da littattafan ɗibbu na Larabci ne irin wannan fahimta ta iso hannun malaman ƙasar Hausa.

Ibn al-Nafis, likitan da aka haifa a Sham ya yi aiki a Alƙahira a ƙarni na 13, ya yi wa Jalinus gyara a babban wuri: ya ce babu wasu ƙofofi a bangon da ya raba zuciya biyu, dole jini ya bi ta huhu kafin ya koma ɓangaren hagu. Ko Turawan da suka zo daga baya sun san da maganarsa, masana tarihi sun yi saɓani. Andreas Vesalius ya buga babban littafinsa na ƙirar jiki a 1543 daga abin da ya feɗe da hannunsa, William Harvey kuma ya nuna a 1628 cewa jini zagayawa yake yi. Abin da ya gagari Harvey shi ne ganin inda hanyar fita ke haɗuwa da ta dawowa. Marcello Malpighi ne ya gano waɗannan siraran hanyoyi a huhun kwaɗo a 1661, da taimakon madubin ƙara girma.

Da wannan madubi aka shiga sabon babi. A 1665 Robert Hooke ya duba siririn yanki na ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, ya ga ramuka jere kamar saƙar zuma, ya ba su sunan Latin mai ma'anar ƙaramin ɗaki. Bangon matattun ƙwayoyin tsiro ne kawai ya gani. Wanda ya ga masu rai shi ne Antonie van Leeuwenhoek, ɗan kasuwar yadi a garin Delft na Holan, wanda bai yi karatun jami'a ba amma ya iya goge gilashi fiye da kowa a zamaninsa. Ya bayyana jajayen ƙwayoyin jini wajen 1674, da ƙwayoyin maniyyi a 1677.

Abin mamaki, wanda ya kafa ilimin saƙar jiki bai yarda da madubin ba. Xavier Bichat, likita a Faris, ya riƙa yanka gaɓoɓi yana jiƙa su, yana dafawa, yana shanyawa, yana barin wasu su ruɓe, don ya ga wane ɓangare ne ke yin hali irin na wane. Aikin bai yi nisa da na ƙwararren mahauci ba, wanda da taɓawa yake sanin tsoka daga kitse, tantani daga jijiya. Bichat ya lissafa saƙa iri 21, ya kuma nuna cewa cuta kan kama saƙa ɗaya a cikin gaɓa ta bar sauran. Ya buga littattafansa tsakanin 1800 da 1801, ya rasu a 1802 yana da shekara 30.

Sai da aka gyara gilasan madubi a shekarun 1830 sannan hanyoyin biyu suka haɗu. Robert Brown ya bayyana cibiyar ƙwaya a 1831. Matthias Schleiden ya ce a 1838 duk tsiro daga ƙwayoyi aka gina shi, Theodor Schwann ya faɗi haka game da dabbobi a 1839. Sun yi kuskure wajen asalin ƙwayar, don sun ɗauka daskarewa take yi daga wani ruwa kamar yadda gishiri ke fitowa. Robert Remak ne ya nuna cewa rabuwa take yi, amma Rudolf Virchow ya fi shahara da batun saboda taƙaitacciyar maganarsa ta 1855, cewa kowace ƙwaya daga wata ƙwaya take. Da yawa na ganin an tauye wa Remak haƙƙi. Walther Flemming ya zayyana matakan rabuwar a 1882, sannan madubi mai amfani da lantarki, wanda Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera a 1931, ya buɗe cikin ƙwayar kanta.

Sinadaran jiki

Sinadarai huɗu ne suka kwashe kusan kashi 96 cikin 100 na nauyin jiki: oksijin wajen kashi 65, kabon 18, haidurojin 10, naiturojin 3. Kalsiyam da fosfaras, waɗanda akasarinsu ke cikin ƙashi da haƙori, su ne ke biye. Akwai waɗanda ake buƙata ƙwarya-ƙwarya amma rashinsu ba ya ɓoyuwa. Ƙarfen da ke jikin baligi bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, mafi yawansa a cikin jini, idan ya yi ƙaranci sai a ga mutum ya ɗashe yana haki. Ƙarancin aidin kuma shi ke kawo maƙoƙo, dalilin da ya sa ake zuba shi a gishirin girki.

Ruwa ne ya fi komai yawa, wajen kashi 60 na nauyin namiji baligi. Na mace ya ɗan gaza haka, na jariri kuwa ya kai kusan kashi 75. Mutum mai kilo 70 na ɗauke da ruwa kamar lita 42, kashi biyu cikin uku a cikin ƙwayoyi, sauran a tsakaninsu da cikin jini. Sauran kayan gini su ne furotin, maiƙo, sukari da sitaci, da sinadarin gado. Furotin ana ƙulla shi ne daga tubala iri 20, kuma jerin da aka bi wajen ƙullin shi ke sa wani ya zama gashi, wani ya zama mai narkar da abinci.

Jiki ba ya son sauyi a cikin wannan ruwa. Zafinsa na tsayawa kusa da digiri 37, ma'aunin tsamin jini kuma tsakanin 7.35 da 7.45, huhu da ƙoda ne ke gadinsa. Claude Bernard na Faransa ne ya fara jawo hankali ga wannan daidaito a ƙarni na 19, Walter Cannon na Amurka ya raɗa masa suna a 1926.

Ginin ƙwaya

Kowace ƙwaya na lulluɓe da tantani na maiƙo mai ninki biyu, wanda ke zaɓar abin da zai shiga da wanda zai fita. A jikinsa akwai wani famfo na furotin da ke tura sodiyam uku waje ya shigo da fotasiyam biyu, dare da rana, kuma da bambancin da yake haifarwa ne jijiya ke aika saƙo, tsoka ke motsi. Jens Skou na Denmak ya gano shi a 1957. A bangon hanji akwai wata ƙofa da ba ta shigar da sodiyam sai tare da sukari, ruwa kuma na bin su a baya. Wannan ne sirrin ruwan gishiri da sukari da ake ba mai gudawa ko amai da zawo: gishiri shi kaɗai ba ya shiga da kyau, sai an haɗa su.

A ciki akwai maitokondiriya, inda ake ƙona abinci da oksijin a samu ƙarfi, da wuraren ƙera furotin, da wurin shirya shi don fitarwa, wanda Camillo Golgi ya gano a 1898 kuma yake ɗauke da sunansa. Cibiya ce ke riƙe da sinadarin gado, DNA, a naɗe cikin ƙunshi 46, rabi daga uwa rabi daga uba. An daɗe ana koyar da cewa 48 ne, sai a 1956 Joe Hin Tjio da Albert Levan suka ƙirga daidai. Da za a warware na ƙwaya ɗaya a miƙe shi, zai kai kusan mita 2.

Ƙiyasin yawan ƙwayoyin baligi ya kama daga tiriliyan 30 zuwa 37, iri kusan 200. Fiye da kashi 80 cikin 100 jajayen ƙwayoyin jini ne, waɗanda ba su da cibiya, suna rayuwa kwana 120 kafin saifa da hanta su kwashe su, ɓargo ya maye gurbinsu. Na bangon hanji kwana uku zuwa biyar suke yi, yawancin na ƙwaƙwalwa kuwa da su ake haihuwar mutum, da su yake tsufa. Ƙwan mace na daga cikin mafiya girma, kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita.

Ire-iren saƙa

An taƙaita 21 ɗin Bichat zuwa huɗu. Saƙar shimfiɗa ita ce ke rufe fata da cikin hanji, huhu da hanyoyin jini. Ba ta da hanyar jini tata, kuma daga gare ta yawancin cututtukan daji ke tasowa. Saƙar haɗi ta fi kowacce faɗi, domin ta ƙunshi ƙashi, guringuntsi, kitse, jijiyar ɗauri, har da jini, wanda ake lissafa shi a nan saboda ƙwayoyi ne warwatse cikin abin da ya kewaye su, sai dai nasa ruwa ne. Guringuntsi ba shi da hanyar jini, shi ya sa ƙashi ke ɗoruwa cikin makonni, ciwon gwiwa kuma ya daɗe. Tsoka iri uku ce: ta ƙashi da mutum ke juyawa da nufinsa, ta zuciya, da mai santsi ta hanji da mahaifa.

Saƙar jijiyar saƙo ce ta fi ba masana wahala. Golgi ya ƙirƙiro hanyar rina ta da azurfa a 1873, ya tafi a kan cewa raga ce guda a haɗe. Santiago Ramón y Cajal na Sifen ya yi amfani da rinin nan nasa ya nuna cewa ƙwayoyi ne daban-daban masu ɗan rata a tsakaninsu. An raba musu kyautar Nobel a 1906 ba tare da sun daidaita ba, kuma madubin lantarki ya gaskata Cajal a shekarun 1950. Reshen ƙwaya ɗaya na iya tashi daga ƙasan laka ya kai yatsan ƙafa, tsawon kusan mita guda.

Amosanin jini

Babu misalin da ya fi nuna alaƙar sinadari da ƙwaya da saƙa kamar cutar sikila, wato amosanin jini, wadda Nijeriya ke kan gaba a duniya wajen yawan yaran da ake haifa da ita. James Herrick, likita a Shikago, ya bayyana ƙwayoyin jini masu siffar lauje a 1910. Linus Pauling da abokan aikinsa sun nuna a 1949 cewa matsalar na cikin himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin, Vernon Ingram kuma ya gano wajen 1956 cewa tubali ɗaya tak ne ya sauya. Idan oksijin ya ragu, furotin ɗin sai ya manne ya yi sanda, ƙwayar ta lanƙwashe ta toshe siraran hanyoyi, saƙar da ke gaba ta rasa jini, shi ne ciwon ƙashi mai tsanani da masu cutar ke fama da shi. Irin waɗannan ƙwayoyi kwana 10 zuwa 20 kawai suke yi. Anthony Allison ya nuna a 1954, daga aikinsa a gabashin Afirka, cewa mai ɗauke da gadon daga ɓangare ɗaya, wato AS, ya fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya bayyana yawaitarsa a ƙasashen da sauro ya yi katutu. Idan AS ya auri AS, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai cutar, kuma a kan haka ne ake yin gwajin jini kafin ɗaurin aure.