Gyaran Gida da Hannun Mai Gida a Jos

Gyaran gida da hannu shi ne ƙananan ayyukan da masu gida ko 'yan haya suke yi da kansu ba tare da kiran magini ko kafinta ba, irin su toshe yoyon kwano, shafe bango, fenti, gyaran rariya, daɓe tsakar gida da dasa lambu. Al'adar ta daɗe a ƙasar Hausa, inda maza kan yi yaɓe da zarar damina ta ɗauke, mata kuma su taru su yi daɓe da maɗabi. A Jos, abin da ya fi tsara wannan aiki shi ne yanayin garin.

Ruwa da sanyi

Jos na kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku. Ana samun ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, wani lokaci har da ƙanƙara. A Disamba da Janairu kuma hunturu kan sauko da sanyin da ba a saba da shi ba a sauran biranen Arewa. Saboda haka aikin rufi da magudanar ruwa na watan Fabrairu da Maris ne, kafin ruwan farko. Wanda ya bari sai ya ga silin ya yi taswirar danshi, ya riga ya makara, domin a lokacin katakon rufin ya fara ruɓewa.

Yoyo yakan fara ne daga bakin ƙusa, inda iska ta girgiza kwano har ramin ya buɗe. Ana cire tsohuwar ƙusar a sa mai hula da roba, a liƙe wurin da kwalta. Mai hawa rufi ya taka kan layin ƙusoshi kawai, domin a nan katako yake ƙarƙashi. Sabon katako, wanda galibi ake saye a kasuwar Katako, ana shafa masa maganin gara. Wasu kan yi amfani da baƙin mai saboda araha.

Ruwan da kwano ke zubarwa dukiya ce da gidaje da yawa ke bari ta tafi a banza. Milimita 1 na ruwa a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Ke nan rufi mai murabba'in mita 100 na iya karɓar kusan lita 140,000 a shekara. Indararo da bututu da tanki mai murfi sun isa, sai dai a bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye kafin a fara tara.

Siminti da yashi

Nan ne aka fi yin kuskure. Don filasta da jera bulo, ana haɗa awo 1 na siminti da awo 6 na yashi. Kankaren tsakar gida kuwa awo 1 na siminti ne, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, haɗuwa yake yi da ruwa, don haka dole a riƙa ba shi ruwa safe da yamma na aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Iskar hunturu takan tsotse danshin tun ranar farko, shi ya sa filastar rani ke tsattsagewa idan ba a lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu ba.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da Jos da Bukuru. Haƙar kuza da aka yi tun farkon ƙarni na 20 ta bar tarin yashin da aka wanke ma'adinai daga cikinsa. Wannan yashi yana da kyaun ido, amma yana ɗauke da ma'adanai irin su monazayit masu fitar da tururin radiyeshin mai illa ga jiki. Bai dace a yi filastar ɗakin kwana da shi ba, komai arahansa. Ya kamata mai saye ya tambayi direban tifa daga ina ya ɗebo.

Masu gidan ƙasa suna da inda za su ga aikin magabata: gidan adana gine-ginen gargajiya, wanda ke kusa da gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952, yana da kwafin ganuwar Kano da na masallacin Juma'a na Zariya. Makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, ita ce tsohuwar dabarar hana ruwa cin bango da daɓe.

Tsakar gida

Ana karkata daɓen tsakar gida kaɗan zuwa rariya, nesa da gindin bango. A unguwanni masu cunkoso kamar Gangare da Unguwar Rogo, rariyar wani takan bi ta ƙofar wani, don haka share lambatu aikin gayya ne na maƙwabta. Mutanen Rikkos ba su manta da ambaliyar Yulin 2012 ba, wadda ta ci rayuka sama da 30 a gefen kogin Dilimi. Rijiya kuma ana so ta yi nisan kimanin mita 30 daga masai ko sokawe, abin da ke da wuya a ƙaramin fili, amma ya cancanci a yi shawara da maƙwabci kafin a fara haƙa.

Sanyin garin yana karɓar kabeji, karas, latas da dankalin Turawa. Inda ƙasa ta zama dutse, ana cika buhunan shinkafa da ƙasa da taki, a huda gindinsu, a jera a jikin katanga. Zogale da gwaiba sun dace da ƙaramin gida. Mangwaro da bishiyar turare kuwa jijiyoyinsu kan tsaga bango idan aka dasa kusa. Shingen ƙerana da aka san ƙauyukan Berom da shi yana tare dabbobi, amma farin ruwansa yana ƙona ido, bai dace da gidan yara ba.

Iyakar aikin hannu

Wayar wuta, mita, fasa bangon da ke ɗauke da rufi, da ɗora bene, duk aikin ƙwararru ne. Ƙarin gini a cikin birni yana buƙatar izinin hukumar raya birnin Jos, JMDB. Ɗan haya kuma ya sami yardar mai gida, a rubuce idan zai yiwu, kafin ya huda bango ko ya canza ƙofa.