Shin dokar Amurka ta ba ɗan ƙasa damar mallakar makami mai linzami?

Duk lokacin da muhawarar bindiga ta yi zafi a Amurka, sai wani ya jefo tambaya: tunda kundin tsarin mulki ya ce a bar jama'a da makamansu, me zai hana mutum ya sayi makami mai linzami? Tambayar ta ƙara armashi yanzu da ake maganar makaman da gudunsu ya ninka na sauti sau biyar, wato fiye da kilomita 6,000 a awa, irin DF-17 da Sin ta baje a faretinta na 2019, da Kinzhal da Rasha ta harba a Yukiren a Maris 2022.

Tushen rigimar jimla ɗaya ce, Gyara na Biyu na kundin tsarin mulkin, da aka amince da shi a 1791. Ta ce tunda ƙasa mai 'yanci na buƙatar tsararrun dakarun sa-kai, ba za a tauye haƙƙin jama'a na ajiye makamai da ɗaukarsu ba. An daɗe ana ja-in-ja: haƙƙin na dakarun ne, ko na kowane mutum a gidansa?

A 2008 Kotun Ƙoli ta raba gardama a shari'ar Heller, alƙalai biyar da huɗu. Birnin Washington ya haramta ajiye ƙaramar bindiga a gida, kotu ta soke haramcin, ta ce haƙƙin na kowane mutum ne. Amma Mai Shari'a Antonin Scalia, wanda ya rubuta hukuncin, ya shata iyaka: kariyar ta shafi makaman da jama'a suka saba riƙewa don halattacciyar buƙata, kamar kare kai, ban da masu tsananin haɗari da ba a saba gani ba. Har ya amince cewa ƙananan bindigogi mai yiwuwa ba za su tsinana komai ba a gaban tankoki da jiragen yaƙi na zamani, ya ce duk da haka fassarar ba ta canza ba. Ke nan hujjar cewa dole ɗan ƙasa ya yi kafaɗa da kafaɗa da soja a makami ba ta da gurbi a wannan hukunci.

Majalisa ma ta toshe ƙofar. Dokar 1934 ta wajabta rajista da harajin dala 200 kan bindiga mai aman harsashi ba tsayawa, ta 1968 ta shigo da bam da gurneti da roka cikin wannan takunkumi, ta 1986 kuma ta hana farar hula mallakar sabbin bindigogi masu aman harsashi ba tsayawa. Tun 2004, mallakar makami mai linzami na kakkaɓo jirgin sama laifi ne da ke kai mutum kurkuku shekara 25 zuwa sama.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙananan makamai. A 2021 bindiga ta ci rayuka 48,830 a Amurka, fiye da rabi mutane ne da suka kashe kansu. Ba makami mai linzami ya yi wannan ɓarna ba. A 2022 kuma, a shari'ar Bruen, kotu ta ce kowace dokar taƙaita bindiga sai an samo mata makamanciya a tarihin ƙasar. Wannan ya jefa alƙalai tonon dokokin zamanin bindigar toka don yanke hukunci kan makaman yau. Sai a 2024, a shari'ar Rahimi, takwas cikin alƙalai tara suka sassauta, suka yarda a raba mutum da bindiga idan kotu ta tabbatar barazana ne ga matarsa ko abokiyar zamansa.

Ma'aunin nan na abin da jama'a suka saba riƙewa yana da rauni, kuma Mai Shari'a Stephen Breyer ya nuna shi tun a Heller: idan kamfani ya sayar da makami da yawa kafin majalisa ta farga, makamin ya samu kariya ke nan. A kan haka ake fafatawa game da bindigar AR-15, wadda miliyoyi ke hannun jama'a. Jihar Maryland ta haramta ta, kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan jihar, kuma a Yuni 2025 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar masu ƙalubalantar haramcin.