Abin da sikelin awo yake faɗa game da ɗan da ke ciki

Duk ranar awo sai na ga mace ta hau sikeli ta sauka ba ta ko kalli lambar ba, mu rubuta a kati ta ninke ta jefa jaka. 'Yar'uwa, lambar nan tana gaya mana ko ɗan da ke cikinki yana samun abin da zai girma da shi.

Nauyin da mai juna biyu ke ƙarawa ba teɓa ba ce zalla. Jaririn kansa yakan kai kilo 3 ko ya ɗan ɗara. Sauran kuwa mabiyiya ce, da ruwan da yake kwance a ciki, da mahaifar da ta buɗe, da jinin da ya ƙaru, da kitsen da jiki ke ajiyewa saboda shayarwa. A ƙa'idar da Cibiyar Likitanci ta Amurka ta fitar a 2009, mace mai matsakaicin jiki ta ƙara kilo 11.5 zuwa 16 kafin haihuwa. Siririya 12.5 zuwa 18, mai jiki 7 zuwa 11.5, mai ƙiba sosai 5 zuwa 9. Wannan lissafin ɗa ɗaya ne, na tagwaye ya fi haka. A watanni ukun farko, lokacin laulayi, ƙarin ba ya wuce kilo 1 ko 2. Daga nan ne ake son ganin kusan rabin kilo kowane mako ga mai matsakaicin jiki.

Abin da ya fi ci min rai shi ne mai rage cin abinci da gangan, wai don ɗan ya zo ƙarami ta haihu da sauƙi. Wata ta taɓa raɗa min haka, wata biyu lambarta tana tsaye wuri ɗaya. Jaririn da bai kai kilo 2.5 ba, Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa shi cikin masu ƙarancin nauyi. Sanyi yakan kama shi nan da nan, tsotso ya yi masa wuya, cuta kuma ba ta raga masa. Wahalar da aka guje wa a ɗakin haihuwa sai a tarar da ita a ɗakin jinyar jarirai.

Cin abincin mutum biyu ma ba shi ba ne. Idan ƙarin ya wuce kima, musamman in ciwon suga na masu ciki ya shiga, ɗan kan zarce kilo 4. Naƙuda ta yi tsawo, kai ya fito kafaɗa ta maƙale, wani lokacin sai an yi aiki. Abin da jiki ke nema ƙari ne kaɗan na abinci mai gina jiki daga wata na huɗu, tare da maganin ƙarin jinin da muke bayarwa.

Sai dai akwai hawan nauyin da ba na abinci ba. In kika ga kin ƙara kilo 2 cikin mako ɗaya, fuska da hannu sun kumbura har zobe ya ƙi fita, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, kada ki jira ranar awo. Alamar hawan jini ce mai iya kaiwa ga jijjiga. Ki ɗauki katinki ki zo asibiti a ranar, a gwada jini da fitsari.