Gyaran unguwa da cinikin mutanenta: tambayoyi da amsoshi daga Jos

Tambaya: Me ya haɗa kwata da fitilar titi da cinikin mai shago?

Amsa: Ciniki yana bin inda jama'a ke wucewa suna tsayawa. Layin da ruwa ke kwanciya a cikinsa, mai Keke Napep ba ya shiga sai an ƙara masa kuɗi, motar kaya kuma a bakin titi take saukewa, sai an biya mai baro. Wannan ƙarin a kan mudun shinkafa yake ƙarewa. Layin da ke da haske kuwa, mai shayi da mai tsire sukan kai ƙarfe goma suna sayarwa, ga dattawa a majalisa, ɓarawo ba ya samun sarari.

Tambaya: Akwai misalin da Jos ta gani da idonta?

Amsa: Babbar kasuwar Terminus. An kammala ta a 1985, gobara ta cinye ta a watan Fabrairun 2002. 'Yan kasuwa suka watsu, da yawa suka koma kasa kaya a gefen titin Ahmadu Bello da na Murtala Muhammad, cikin rana da ruwa da cunkoso. Asarar ba ta tsaya kan rumfuna ba. A wannan kasuwa Bahaushe da Birom da Ibo da Bayarabe suke maƙwabtaka, suna ba juna bashi, suna zuwa wa juna suna da gaisuwar mutuwa. Rikicin 2001 da na 2008 da 2010 suka raba unguwanni, kowa ya koma sayayya a ɓangarensa. Shi ya sa kasuwanni irin su Katako da Farin Gada suke da daraja fiye da kayan da ke cikinsu, don har yanzu manomi da dillali na haɗuwa a can.

Tambaya: Idan kuɗin unguwa kaɗan ne, da me za a fara?

Amsa: Da kwata, babu ja. Ruwan Jos yakan fara ne a Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuli da Agusta, ga gari kan dutse da gangare, ruwa ba ya nutsewa da sauri. Mutanen Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo ba su manta ambaliyar Yulin 2012 ba.

A fara aiki daga ƙasa, inda ruwan zai fita ya shiga babbar magudana ko rafi, sannan a hauro sama. A ja igiya a auna gangara, santimita 1 a kowace mita. Ga ƙaramin layi, faɗin santimita 60 da zurfin 60 yakan isa. Kankare ya zama kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, a riƙa ba shi ruwa kwana 7. Murfin ya zama guntu-guntu wanda mutum biyu za su iya ɗagawa, domin kwatar da aka shafe bakinta gaba ɗaya ba ta yasuwa. Abin da ya fi ɓata aiki shi ne kowane mai gida ya kira maginsa ya yi ta ƙofarsa: wannan ta yi sama, waccan ta yi ƙasa, ruwa ya tsaya a tsakani ya zama gidan sauro. Kafin a taɓa titi a nemi izinin hukumar raya birnin Jos, wato JMDB, kuma a yi yasa tun a Maris.

Tambaya: Me ya sa fitilun sola ke saurin mutuwa?

Amsa: Ƙurar hunturu ce ke lulluɓe farantin da ke ɗaukar hasken rana, batir ya daina cika, ya lalace kafin lokacinsa. A goge farantin da tsumma mai laima ko sau biyu ne a wata, kada a kafa shi ƙarƙashin bishiya. Sanda mai tsawon mita 6, tazarar mita 20 zuwa 25 ta wadatar. Batirin kuma a sa shi can sama, ko a cikin akwatin ƙarfe da aka yi wa walda.

Tambaya: Rijiyar burtsatse fa?

Amsa: A kira masu gwajin ƙasa tukuna, don a Jos ana iya haƙa a tarar da dutse busasshe. A nisanta ta da sokawe, wato ramin ƙazantar ban-ɗaki, mita 30 in da hali.

Tambaya: Wa zai kula da kayan, kuma ba za a ƙara wa 'yan haya kuɗi ba?

Amsa: Kwamiti ƙarƙashin mai unguwa, da masu shago da matasa da mata a ciki. Kuɗin wata-wata ya shiga asusun banki mai sa hannun mutum uku, a karanta lissafi a bainar jama'a. Maganar haya kuwa gaskiya ce, layi na gyaruwa masu gidaje ke ɗaga farashi. Don haka kason mai gida a karo-karo ya fi na ɗan haya, kuma a rubuta yarjejeniya tun kafin a zuba siminti cewa ba za a ƙara haya ba sai wa'adin da aka biya ya ƙare.