Bibiyar ruwan sama da hasashen damina a karkarar ƙasar Hausa

Bibiyar ruwan sama ita ce lura da saukarsa, da auna yawansa, da kintacen lokacin da zai zo ko ya ɗauke. A karkarar arewacin Najeriya da kudancin Nijar, inda gero da dawa da wake suka dogara kacokan ga damina guda ta wata uku zuwa biyar, babban abin da ake son ganewa shi ne ruwan shuka. Ruwan fari yakan yaudari manomi: a yi shuka, ruwa ya ɗauke, tsiro ya ƙone, a koma neman iri.

Lissafin gargajiya

Tun kafin zuwan Turawa malamai ke riƙe da lissafin taurari, wanda ya shigo daga Larabawa tare da karatun addini. Taurarin 28 ne, kowanne kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, jimilla kwana 365. Bakwai ake ba damina: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Ɗarfa da Jabha su suka yi suna da ruwa mai yawa. Ranar shigar kowane tauraro takan ɗan bambanta daga wannan malami zuwa wancan. Manoman Sudan ma suna amfani da kusan waɗannan sunaye, ko da yake kwanakinsu sun saɓa.

Wanda bai yi karatu ba yana da nasa alamun. Dawowar shamuwa bisa itatuwan gari, da juyawar iska ta koma busowa daga kudu maso yamma, da zafin bazara mai hana barci, duk shaida ce damina ta ƙarato. Gawo kuwa a lokacin ne yake kaɗe ganyensa. Hadarin da ake sa wa rai shi ne wanda ya haɗo daga gabas. Bayan an ɗauke ruwa, manomi yakan tona ƙasa da hannu ya ga iya inda laima ta kai, sannan ya yanke shawarar fita da sungumi. Wasu ba sa jira, sukan yi binne, wato su rufe iri a busasshiyar ƙasa. In ruwa ya yi jinkiri ainun, gari yakan fita sallar roƙon ruwa.

Zuwan ma'auni

An fara rubuta yawan ruwa a Kano da Damagaram da Yamai a farkon mulkin mallaka, wajen 1905. Ma'aunin mazubi ne mai buɗaɗɗen baki da ake kafawa a fili, nesa da inuwar itace ko indararo, a duba shi kowace safiya. Milimita 1 daidai take da lita 1 a kan murabba'in mita guda.

Farin da ya auka wa yankin Sahel daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1974 shi ya sa gwamnatoci suka ɗauki abin da muhimmanci. An kafa CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel ta yaƙi da fari, a 1973, sai AGRHYMET, cibiyarta ta nazarin yanayi da noma da ruwa, a Yamai a 1974. A 1982 Mali ta soma wani shiri na ba manoma ma'auni su auna da kansu, su haɗa da shawarar da ake watsawa ta rediyo. A 1988 masani Sivakumar na cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Nijar ya gabatar da ƙa'idar da ta yaɗu: damina ta zauna idan an sami milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi fashin da ya wuce kwana bakwai ba cikin kwana 30 masu biyowa.

Binciken EPSAT-Niger, wanda ya baza ma'aunai kusan 100 a kewayen Yamai daga 1990, ya tabbatar da abin da ƙauyawa suka daɗe da sani, cewa akan sheƙa ruwa a wannan gari, maƙwabcinsa ko ɗigo. Saboda haka alƙaluman tashar birni ba lallai su dace da gonar da ke nesa kaɗan da ita ba.

Hasashen yau

Tun 1998 masana yanayi na Afirka ta Yamma ke taruwa kafin damina su fitar da hasashen yanki. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, wadda aka kafa da doka a 2003, takan fitar da nata a farkon shekara, da lokacin faɗuwar damina da ƙarewarta da fashin da ake tsammani, ana kuma fassara shi da Hausa. Rediyo ya fi kai labarin ƙauye. Saƙon waya na biye. Inda babu ma'auni, akan ƙiyasta ruwan daga sanyin gajimare da tauraron ɗan'adam ke gani.

Saɓani

Wasu malamai na ƙyamar danganta ruwa ga tauraro, wasu na ɗaukar lissafin a matsayin kalanda kawai. Manoma da yawa na kukan cewa hasashen hukuma na jiha ko ƙaramar hukuma ne, bai sauko kan ƙauyensu ba.